MARIGAYI ALHAJI MAMMAN SHATA DA KALANGUNSA

Galibin mutanen da a kan ba da tarihinsu a jarida sarakuna ne, ko malamai, ko mayaƙa. Yau kuwa za mu ba da tarihin wani mawaƙi, watau marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Waƙoƙinsa sun fi gaban a lissafa su a fili irin wannan. Abin da mu ke so mu duba shi ne sha'aninsa da kayan aikinsa, watau kalangu: yadda ya same shi, da abin da ya sake masa, da abin da ya bari yadda ya ke. Akwai abin lura a nan ga kowane mai sana'a, ko da alƙalami ya ke aiki a ofis, ko da alli a makaranta.

SUNAN MUTUM A JIKIN ABIN KIƊA

Kafin mu shiga tarihin, bari mu kawo wani misali daga ƙasar Amurka, don shi zai sa a gane inda muka dosa. A can akwai wata al'ada, idan makaɗi ya shahara, sai kamfanin da ke ƙera kayan kiɗa ya yi shawara da shi, a ƙera wani iri na musamman a buga sunansa a jiki. A cikin 1952 kamfanin Gibson ya fito da wata jita mai aiki da lantarki, aka sa mata sunan wani gwanin makaɗi, Les Paul. Jita dai dangin garaya ce da molo, sai dai ita tsarkiyarta shida ce, ta waya.

To, tun fitowar farko aka ga aibu. An bi da tsarkiya ta ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe ta, maimakon ta bisa, har makaɗi ba ya iya ɗora gefen tafinsa ya danne amo. A 1953 aka gyara wannan. A 1961 kuma kamfanin ya sake siffar jitar ɗungum, ya rage mata kauri, ya fitar mata da ƙaho biyu masu tsini. Mai sunan bai so haka ba, kafin ƙarshen 1963 an cire sunansa daga jikinta. Sai a 1968 aka komo da tsohuwar siffar, domin makaɗa sun dame su da nemanta. Har yau masu kaɗa ta ba su bar gardama ba, wani ya ce da ma a rage mata nauyi, wani ya ce da ma a sirance mata wuya, wani kuwa ya ce kada a taɓa kome.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da kamfani mai buga sunan makaɗi a jikin ganga, amma kunnen jama'a ya kan yi wannan aiki. In aka ce kotso sai a tuna da Narambaɗa da Ɗankwairo, in aka ce kuntigi sai Ɗan Maraya Jos, in aka ce gurmi sai Haruna Uji. In kuwa aka ce kalangu, ba wanda zai zo wa mutum a zuciya sai Shata. Abin mamaki shi ne, a fagen wasa shi murya ce tasa, makaɗansa ne ke rataye da kalangai. Yaya aka yi sunansa ya manne wa abin da wasu ke kaɗawa? Amsar tana cikin tarihinsa.

ASALINSA

An haifi Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafilatani ne, mahaifiyarsa ma haka. Ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji waƙa ba. A zamanin nan kuwa sana'a gado ce, ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Ga wanda bai gada ba, shiga waƙa abin kunya ne ga dangi, don ana ɗaukarta roƙo. Sabo da haka mahaifinsa ya ƙi abin ƙwarai, ya sa shi makarantar allo kamar sauran yara, da ya tasa kuma aka ɗora masa tallar goro da alewa.

Daga wurin tallar nan ne aka ce ya sami laƙabinsa. Ya kan sayar da kaya ya rabar da kuɗin ga mutane a hanya, ya komo gida hannu wofi, sai wani danginsa da a ke kira Baba Salamu ya riƙa kiransa mai shata, watau mai watsa abin da ya samu. Sunan ya bi shi har kabari, halin kyautar ma bai rabu da shi ba.

Makarantarsa ta waƙa dandali ce. Bayan cin tuwon dare samari da 'yammata su kan taru, ana kiɗa ana rawa, masu baki suna gwada fasaharsu. A nan ya fara, don nishaɗi kawai, har ya zama ba mai iya karawa da shi a garuruwan da ke kewaye. Da abin ya yi ƙarfi sai ya ajiye faifan talla ya rungumi waƙa. Abin kiɗan da ya tarar a dandalin kuwa shi ne kalangu.

YADDA KALANGU YA KE DA MATSAYINSA

Ko da ya ke ba Bahaushen da bai taɓa ganin kalangu ba, ba kowa ne ya tsaya ya lura da hikimar da ke cikinsa ba. A kan sassaƙa ice a rarake cikinsa, a tsuke tsakiyarsa, a bar baki biyu masu faɗi. Kowane baki a rufe shi da fata marar kauri, sa'an nan a ɗaure bakin nan da wancan da tsarkiyoyi na fata, su kewaye icen duka. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya sa shi a hammata, ya riƙa bugunsa da makaɗi mai lanƙwasasshen kai. In ya matse tsarkiya fata ta ɗame, amo ya hau sama. In ya saki, amo ya sauka. Harshen Hausa kuwa da hawa da sauka ya ke tafiya, shi ya sa gwanin makaɗi ya kan sa kalangu ya faɗi take ko kirari, wanda ya san taken ya ji shi sarai kamar da baki aka faɗa. Ba a cika kaɗa shi shi kaɗai ba. A kan haɗa babba da ƙarami wanda a ke kira ɗan karɓi, da kuntuku mai riƙe musu ƙafa.

Amma duk da wannan hikima, kalangu ba shi da babban matsayi a da. Kowane rukuni na jama'a da abin kiɗansa: tambari da kakaki da algaita na sarauta ne, kotso da taushi da jauje na mawaƙan fada, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba. Kalangu kuwa na mahauta ne, da 'yan dambe, da 'yammata a dandali. In aka ji shi da sassafe a bakin kasuwa, an san an yi yanka ke nan. Har a fagen dambe ma ya fitar da gwanaye irin su Ɗan Anace. Sai dai kuma ba a saba kai shi gaban sarki a yi waƙar sarauta da shi ba. Wanda bai gaji kiɗa ba, ga shi kuma ya ɗauki abin kiɗan da ba na fada ba, ai kowa zai ce iyakarsa ƙauye.

DAGA BAKORI ZUWA KANO

Mutumin da ya fara fitar da shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar garin, wanda ke aikin En'e a Bakori wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce ya komo kusa da shi. Wannan ƙaura ta yi masa rana, don ƙasar Bakori da Funtua ƙasar auduga ce, akwai kuɗi a hannun manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata lokacin kaka, ga kuma hanyar mota da ta jirgin ƙasa a kusa. Daga nan ya riƙa fita da jama'arsa zuwa Katsina da Kano da sauran garuruwa.

A 1952, shekarar da aka fito da jitar nan da muka ambata, aka yi wani babban biki a Kano wanda a ke kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta goma sha biyu suka yi aure. Shata ya yi wasa a wurin, daga ran nan kuwa sunansa ya cika birni. Kalangun mahauta ya shiga tsakiyar 'ya'yan sarauta, ba a kore shi ba. Bayan haka ya tare a Kano, ya zauna shekaru masu yawa, daga baya ya koma Funtua, inda ya yi sauran zamansa na duniya.

ABIN DA YA SAKE

Idan muka saurari waƙoƙinsa muka gwada su da na waɗanda suka riga shi, za mu ga gyara huɗu.

Na farko, ya sake wa kalangu aiki. A dandali da fagen dambe kiɗa ne gaba, don a motsa ƙafa ko a zuga zuciya, waƙa tana biye. A wurin Shata magana ce gaba. Ya tara kalangai manya da ƙanana, amma ya sa su tafi a natse, da taki ɗaya wanda ba ya rikicewa, su yi ƙasa sa'ad da ya ke magana, su taso sa'ad da ya numfasa. Shi ya sa ko a tsohon faifai ba a rasa jin kalma guda daga bakinsa.

Na biyu, ya sauƙaƙa amshi. A wurin mawaƙan fada, 'yan amshi su kan karɓi ɗan waƙa daga bakin shugabansu su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sabo da haka dole a zauna a shirya waƙa a hardace ta kafin a fita. Shata kuwa ya kan ba yaransa gajeren amshi guda, su yi ta maimaita shi, shi kuma ya ɗauki sauran nauyin duka. Wannan ya ba shi 'yanci. Ya kan ƙaga waƙa nan take a tsakiyar taro, ya ga baƙo ya shigo ya saka shi ciki, ya tsawaita ko ya gajarta yadda hali ya nuna. Jama'a kuma da sun ji amshin sau biyu sun riƙe shi, har yara su tafi da shi gida.

Na uku, ya faɗaɗa waɗanda a ke yi wa kiɗan. Mawaƙin fada ubangida ɗaya gare shi, abin kiɗansa ma na gidan ne. Shata bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna da hakimai, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da ma'aikata da mata. Ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi waƙar farkar da mutanen Arewa, har da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969 ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. A Bakandamiya kuwa kansa ya wasa. Duk da kalangun nan guda.

Na huɗu, ya karɓi na'urorin zamani waɗanda ke kai amo nesa. Ya tsaya gaban makirfo da lasifika, aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho na kamfanin EMI, daga baya a kaset. Da aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, sai kalangunsa ya shiga gidajen da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan, duk inda Bahaushe ya ke zaune.

ABIN DA YA BARI

A zamanin da Shata ya ke tashe, kiɗan Turawa ya cika biranen Nijeriya. A kulob-kulob na Legas da Kaduna da Sabon Garin Kano ana busa ƙahonin ƙarfe ana kaɗa jita, mawaƙan Kudu da yawa sun haɗa jitar lantarki da gangunansu na gado. Shi ma yana da kuɗin da zai sayi irin waɗannan kaya, ya kuma fita waje ya gan su da idonsa, don ya je Ingila da Amurka. Amma ya tsaya ga icen nan da fatar nan da tsarkiyar nan har ƙarshen ransa.

A ganinmu wannan sanin sana'a ne. Ƙarfin waƙarsa yana cikin harshe, kalangu kuwa shi ne abin kiɗan da ke bin hawa da saukar harshen Hausa sawu da sawu. Makaɗinsa yana sauraren bakinsa, in ya ja ya ja, in ya tsaya ya tsaya. Da ya sake wannan, da ya rushe tushen da kome ke tsaye a kai. Kamfanin Gibson sai da ya yi shekara bakwai kafin ya komo ga siffar da makaɗa ke so. Shata bai taɓa barin tasa ba.

Ba za mu ɓoye ba, yana da nasa abin zargi. Harshensa yana da kaifi, zambonsa ya sa mutane da yawa tsoronsa, akwai kuma waƙoƙinsa da malamai suka ƙi, musamman wadda ta shafi shaye-shaye. Ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba.

SHI DA DAURA

Cikin iyayen gidansa duka ba wanda ya kai Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar. Daura, kamar yadda kowane ɗan makaranta ya sani, ita ce uwar Hausa Bakwai, garin Daurama da rijiyar Kusugu. Bayan jihadi sarakunanta na Haɓe sun fita sun zauna a Zango da Ɓaure, sai a farkon mulkin Turawa aka komo da Sarki Musa kan gadon kakanninsa. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar ya gaje shi, bayan ya riƙe sarautar Wamban Daura, ya kuma yi minista a gwamnatin Sardauna. Ya yi sarauta har 2007.

Fada ce mai tsohon tarihi, mai tamburanta da makaɗanta na gado, mai Sallar Gani wadda a ke zuwa kallo daga nesa. Ga irin wannan fada ta buɗe wa mai kalangu ƙofa, ta riƙe shi riƙon amana shekara da shekaru, ba ƙaramar shaida ba ce. Shi kuma ya saka da abin da ya ke da shi, don waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Daura suna cikin waɗanda aka fi sani a dukan waƙoƙinsa. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin ƙofar Daura ba sun san sunan sarkinta daga bakin Shata.

Girmamawa ta zo masa daga wasu wurare kuma. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiana ta Amurka da nazarin waƙoƙinsa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi kansa digirin dakta na girmamawa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ya taɓa siyasa, ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtua. Yaron da aka hana waƙa don kada ya jawo wa dangi kunya, shi ne manyan malamai suka sa wa rigar jami'a.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da ciwo, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Da wa'adi ya cika a Kano, sai aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, aka yi masa salla, Sarki yana wurin. Musawa ta haife shi, Bakori ta rene shi, Kano ta ɗaga shi, Funtua ta zaunar da shi, amma Daura ce ta karɓi amanarsa ta ƙarshe.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Duk mai zuwa biki a yau ya ga yadda al'amari ya juya. Galibin mawaƙan zamani da fiyano da kwamfuta su ke aiki, an ɗauki amon kalangu an ajiye a cikin na'ura, a danna ya fito. Ba mu ƙi wannan ba, don shi ma Shata bai ƙi makirfo ba. Amma na'ura ba ta sauraren bakin mawaƙi, ba ta san taken kowa ba. In masu sassaƙa icen da masu ɗaura fatar da masu sanin take suka ƙare ba su bar magada ba, amon zai saura, ilmin ya tafi.

A nan ne aikin malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi ya shigo. An rubuta tarihin Shata a littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar a 2006, amma na makaɗan ƙauyuka yana nan a bakin tsofaffi. Malamin Hausa yana iya gayyato makaɗin garinsu ya nuna wa yara yadda tsarkiya ke sake amo, ba kuwa hanyar da ta fi wannan sauƙi wajen koyar da karin sautin harshenmu. Ma'aikaci kuma yana iya rubuta sunayen kayan kiɗan gundumarsa, da taken kowace sana'a, da waɗanda suka iya gyaran su, ya ajiye a ofis. Aiki ne da ba ya cin kuɗi, sai himma.

Ga kowane mai sana'a kuwa, darasin a fili ya ke. Kafin ka ce da ma a sake wannan, da ma a cire wancan, fara sanin abin da ke riƙe da aikin. Abin da ke kai aikinka nesa ka karɓe shi ko daga ina ya fito, tushe kuwa ka tsare shi. Haka Shata ya yi da kalangu, har jama'a suka buga masa sunansa a jiki. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan Sarkin da ya riƙe shi, amin.